Man Da Na Ƙara Wa Girki

"Cokali uku! Wallahi na ƙirga, cokali uku ka ci!"

Mijina Tela ya ɗago ya yi min murmushin yaƙe. "Na ƙoshi ne, Sarkin Tambaya."

Sunan da ya laƙaba min ke nan tun muna zance, don ba na ganin abu in ƙyale. Watanmu takwas da aure, mijina sai ramewa yake, har ya rage ƙugun wandonsa sau biyu. Yana gama cin abinci sai ya koma shagonsa da ke ƙofar gida, ya duƙa a bakin keken ɗinki, wai allura yake nema. Wace irin allura ce ba ta ɓata sai bayan cin abinci?

Na kai kuka wurin Ummata.

"Da girki ake riƙe miji, 'yar nan. Ƙara mai, ƙara nama mai kitse!"

Na ƙara. Ya ɗan taɓa, ya yaba, ya ƙara zubewa. Raina ya fara raya min ko sona ne ya fita daga ransa, har na haɗa kaya zan tafi gida. Na leƙa shago in faɗa masa, sai na same shi a ƙasa, ya dunƙule, gumi sharkaf.

"Masoyi! Innalillahi..."

A asibiti likita ta jera masa tambayoyi, ni kuwa na kasa kunne.

"Ina ne ciwon?"

"Saman ciki... yana ratsawa har baya."

"Bayan cin abinci?"

"E. In na duƙa yakan lafa."

"Bayan gida fa?"

Ya saci kallona, kunya kamar ya nutse. "Da maiƙo yake fita, ruwa ba ya tafiya da shi da sauri."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Uku?!" Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Zauna, amarya. Malam, giya?"

"Ban taɓa sha ba."

"Taba?"

Ya gyaɗa kai. "Shekara goma... na bari kafin aurenmu."

"A dangi akwai mai irin wannan?"

"Babana. Haka ya yi ta riƙe ciki har ya rasu."

Duk wannan ban taɓa sani ba, ni da ake kira Sarkin Tambaya! An ɗebi jini, an gwada bayan gida, an ɗauki hoton ciki. Da muka koma, likita ta nuna mana wasu fararen ɗigo a hoton.

"Wannan ita ce fankiriyas, a bayan tumbi take. Ita ke ba da ruwan narka abinci, ita ke daidaita sukari. Taka ta daɗe da kumburi har ta yi tabo da tsakuwa, shi ya sa abinci ba ya kama jikinka."

"Me ke kawo shi, likita? Yana warkewa?" na tambaya.

"Giya, taba, tsakuwar matsarmama, wani kuma gado ne. Tabon ba ya gogewa, amma ana lallaɓa shi da magani. Sai a rage maiƙo, shi ke tayar da ciwon."

Na tuna man da na ƙara wa girki. "Ni ce ke nan..."

"Ba girkinki ya jawo ba, tsokanarsa kawai yake yi."

Muna fita na tare shi a baranda, hawaye na zuba.

"Ka san yana cutar da kai, don me kake ci?"

"Kina tsaye a kaina, ruhina, kina jira in ce ya yi daɗi... Ciwon awa biyu ne ya wuce. Fuskarki in na ture kwano kuwa, wuni nake da ita."

Na kama hannunsa a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

"Daga yau in yana maka ciwo ka faɗa min. Ni matarka ce, ba baƙuwa ba!"

Ya dafe cikinsa.

"Yana yi yanzu," ya ce a hankali.

Muka zauna a benci, ya duƙa, na dafa bayansa har ya lafa.