Ragowar da Ba a Yanke Ba

"Baba, ga kujera," na ce.

Ko kallona bai yi ba. Ya zauna, ya gyara tabarau.

Sharaɗinsa ɗaya ne: zai kalli fim ɗin da na fito a ciki, sannan ya yanke ko zai ba Darakta, wanda ya shirya fim ɗin, aurena, ko in koma shagon maganinsa in manta da maganar.

"Kwantar da hankalinki, zuciyata," Darakta ya raɗa min.

Aka ja labule, aka tare rana. Haske ya faɗa kan bango...

Wayyo Allah! Ni ce wannan?

Fuskata ta cika bango guda, har gashin idona ana ƙirgawa. Labarin wata yarinya ne da kowa ya zaɓa mata rayuwa, ta fita neman tata. Ga ni a kan keke ina gangarowa, na saki hannu biyu, ƙawaye na ihu a baya. Ga ni a saman bene, gari shimfiɗe a ƙasa. Ni da ko tsallaka titi sai na yi addu'a sau uku! Tsigar jikina ta tashi, na manta ma ana shari'ata.

Sai hoton ya ƙi ƙarewa inda ya kamata.

Darakta yana da wata ɗabi'a: ko ya ce an gama, ba ya bari a kashe kyamara nan take. Edita ce ke yanke ragowar daga baya. Ita kuwa ta daɗe tana sonsa, kowa ya sani.

Na waiga inda take zaune a bayan na'ura. Murmushi take yi.

A bangon, ina zaune a bakin bene, ban san ana ɗauka ba.

"Wallahi ban taɓa son shagon nan ba," na ji bakina yana faɗa. "Shekara huɗu ina ƙirga ƙwayoyi don kawai in ga Baba ya yi murmushi. Yau ne na fara jin ni ce ni... amma in ya ce in bari, zan bari."

Darakta ya zabura. "A kashe! Baba, wannan ba ya cikin..."

"Zauna, yaro."

A raina na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

"Ke mai na'ura," in ji Baba, "mayar min da wurin nan."

Murmushin Edita ya ɓace. Ta mayar.

Ya sake kallo, ya matso har bakin kujera. Da ya cire tabarau, idanunsa sun yi ja.

"Auta..."

"Na'am, Baba."

"A gabana kika girma. Me ya sa ban taɓa jin wannan muryar ba?"

Hawaye suka ɓalle min. "Tsoro nake ji kar in ɓata maka rai."

Ya daɗe yana kallon fuskata da ta tsaya a bango, kamar yau aka haifa masa ni.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe haka 'yata take."

Ya juya wurin Darakta, wanda gumi ya gama jiƙa wa riga.

"Kar a cire wannan wurin. Kuma ka ce wa mahaifinka ina jiransa ya zo neman auren... ina so in gode maka, kai da ka haɗa ni da Auta."