Liyarin Gindin Rijiya

Yaya Tabawa, 'yar wan babanmu, ita ta fara ba ni wannan labari, muna kwance a tabarma ɗaya bayan an hure fitila. Tun daga ranar ban taɓa ba da shi raina bai ɓaci ba. Ku matso. Kada wanda ya yi mini dariya.

A garinmu, Zangon Ƙirya, rijiya ɗaya ce tal. Fatake ne suka gina ta tun zamanin ayari, gaba ashirin da biyu zurfinta. Ranar da suka cim ma ruwa, madugunsu ya sa liyari a ƙarƙashin wani falalen dutse da ke idon rijiyar, kyauta ga masu wurin. Kun san liyari? Ina za ku sani. Kuɗin azurfa ne mai faɗi, mai nauyi a hannu. Gefe ɗaya kan wata mace ne mai ƙiba, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Ta hamada ya zo mana a bayan raƙuma, aka yi ta cinikin fata da gashin jimina da shi. Da aka daina karɓarsa a kasuwa, mata suka huda shi suka rataya a wuya, maƙeran fari suka narke saura suka yi awarwaro.

To, akwai Nomau mai yasa. Duk rani shi ke shiga ya kwashe taɓo. Ƙa'idar yasa kuwa kowa ya san ta: abin da ya faɗo daga sama, guga ne, kwano ne, zobe ne, in ba mai shi, na mai yasa ne. Abin da ke ƙarƙashin dutse ba a taɓawa. Ubansa ya gaya masa, kakansa ya gaya wa ubansa.

Wata Laraba sai ga wani Alhaji Cindo daga birni, ya shimfiɗa darduma a kasuwa yana sayen tsofaffin kaya, wai Turawa yake kai wa. Mata suka yi ta kwance liyarinsu suna miƙa masa. Ya sa wani ɗan gilashi a ido, ya duba, ya taɓe baki.

"Wannan an huda, ya mutu. Wannan kuma kin ci fuskarsa da toka, baiwar Allah. Kuɗin nauyin azurfa kawai zan ba ki."

Nomau na tsaye yana ji. Ya ce, "Alhaji, ai liyari liyari ne."

"Kai ka ce. Shekara ɗaya ce rubuce a jikinsu, tsoho da sabo, masu bugawa ba su taɓa sake ta ba. Amma bugun fari yana da 'yan alamunsa, mai ido ke gani. Shi masu tarawa ke hauka a kai."

"In mutum ya samo wanda ba a huda ba fa? Ba a taɓa gogewa ba?"

Alhaji ya cire gilashin ya dube shi. "Da baƙinsa? Kawo mini. In na fari ne, ka shiga kasuwar shanu ka nuna san da kake so. Ina tasha har jibi."

Nomau shekara bakwai yana aron shanun huɗa, sai kowa ya gama a ba shi. Wannan magana ta zauna masa a ƙirji.

Washegari da hantsi, da mata suka watse, ya ɗaura igiya a gungume ya sauka. Ya laluba cikin ruwa ya ɗaga dutsen. Ga shi nan, baƙi ƙirin, sanyi kamar ƙanƙara. Sai marar kunyar nan ya ciro sule biyu sababbi ya ajiye a gurbin, ya mayar da dutse. Wai kuɗi ai kuɗi ne, har ma ya yi musu ƙari. Ku ji fa! Kamar wanda ya je canji a kanti.

Ya ƙulle liyari a bakin zariya, ya kama hanyar tasha ta ƙafa, wadda ta ratsa busasshiyar fadama. Rana tsaka. Lokacin da ko akuya ke neman inuwa, lokacin da manya suka hana a bi fadama.

Ya yi nisa. Gyare na ta kuka. Sai suka yi tsit, gaba ɗaya.

Ya ji warin taɓo. Wata biyar rabon ƙasar nan da ruwa.

A gindin wani marke wata tsohuwa na zaune, ta lulluɓe kai da baƙin zane. Zanen sharkaf. Ya dubi ƙafafunta. Farare fat, sun yamutse kamar na wanda ya kwana cikin ruwa. Ruwa na tsiyaya daga yatsunta, yashi kuma ya ƙi shan shi.

"Sannu, Iya."

"Nomau."

Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga ƙasa ta taso, tana amsa kuwwa, kamar yadda yake jin muryarsa in yana gindin rijiya.

"Iya, kin san ni?"

"Shekara goma sha tara kana taka mini kai. Na taɓa ce maka ƙala?"

Ya ja da baya, ta ci gaba.

"Sanda igiya ta tsinke da kai, wa ya tare ka?"

"Allah ne."

"Allah ne. Hannun wa Ya sa?"

Ta buɗe tafin hannu. Sulensa biyu ne, sun yi kore kamar sun shekara ɗari a ƙasa. Ta watsa masa su a ƙirji.

"Ni ka mayar 'yar talla?"

"Iya, ai na ga azurfa ce, kwance kawai take, ba ta amfanar kowa."

"Kwance! Mutumin da ya ajiye ta ya yi sallama. Ya durƙusa. Ya ce ga gaisuwa, a bar wa jikokinsa ruwa. Na bar muku. Kai ka yi sallama?"

"Zan mayar."

"Wa ya ce ka mayar? Je ka. Mai gilashi na jira. Ka sayi sanka." Ta gyara lulluɓi. "Ka nemo masa abin da zai sha."

Nomau ya juya da gudu. Bai waiwaya ba, amma yana jin takun jiƙaƙƙiyar ƙafa a bayansa, caɓ, caɓ, ba ta sauri, ba ta kuma nisa, har bakin gari.

Ya tarar da mata cirko-cirko a bakin rijiya. Matarsa Kande na riƙe da guga, busasshe ƙayau.

"Malam, me ka yi? Maƙwabciyarmu Delu ta gan ka ka shiga da hantsi, alhali ba ranar yasa ba ce."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba! Tun ɗazu nake zurawa, ƙura ke fitowa. Me ka ɗauko?"

Wata tsohuwar gari ta ce, "Ku dubi zariyarsa, tana ɗiga."

Ya ture su ya kama igiya. A ƙasa babu ko laima, taɓon ya tsattsage. Ya durƙusa, ya yi sallamar da bai yi da safe ba, ya sa liyarin, ya rufe dutse. Ya jira. Can sai ruwa ya fara tsattsafowa. Ya rufe masa yatsu. Ya kai idon sawu. Ya tsaya.

A nan ya tsaya har yau. Rijiyar da da take cin mutum tsaye, ta koma sai a zura guga a jira ya taru. Rabin gari ya tashi. Mu da muka rage, mu muka sha wuyar. Ni da nake ba ku labari, wannan ƙusumbin bayan nawa daga jiran guga na samo shi, saboda kwaɗayin ƙato ɗaya. Shi kuwa bai sake shiga rijiya ba, kuma tafin hannunsa na dama bai sake bushewa ba har ya mutu. Ba mai yarda ya ci tuwo kwano ɗaya da shi.

Don haka, 'ya'yan nan, in mai gilashi ya zo yana tambayar tsofaffin kaya, ku ba shi ruwa ya sha ya wuce. Kuma kada in ji wani ya bi fadama shi kaɗai da rana tsaka, ko da kuwa an aike shi.

Daren da Yaya Tabawa ta gama ba ni, ban runtsa ba. Akwai wani hudajjen liyari da kakata ta rataya mini a wuya tun ina goyo. Gari na wayewa na je bakin rijiya kafin kowa, na yi sallama, na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba mu duka ba ne." Na tsinke zaren na saki. Na kifa kai na kasa kunne, na daɗe. Ban ji faɗuwarsa ba.