Ruwan Tafasa Allura

Shekarar babban taron ƙasa, lokacin da kowa ya manna kunne a rediyo yana jiran labarin Yamai, ni ne majo, wato ma'aikacin jinya, a wata ƙaramar likita da ke ƙauye bayan Gangara. Wata uku motar magani ba ta leƙo mu ba. Damina ta yi tsakiya, zazzaɓin sauro yana kayar da yara, har ya kama 'yata Salima, mai shekara huɗu. Allurar kinin ɗaya ta rage, na ɓoye mata. Ban ji kunya ba, har yau ban ji ba.

Gab da magariba matata Ummuhani ta ƙwala kira daga gida, katanga ɗaya tsakaninmu. "Majo, yi maza, idonta ya fara juyewa!"

Allurar gilashi muke aiki da ita, sai an tafasa. Na sauke tukunya, na tsamo allurar, na watsa ruwan ta taga bayan ɗaki. Ban yi bisimilla ba. Ni da tun ina ƙarami kakata ke ja mini kunne kan zubar da ruwan zafi da almuru.

Sai na ji ƙarar jariri, siririya, daga inda babu gida.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin ƙonanniyar fata ya cika ɗakin.

Na juya. Mace ce tsaye a bakin ƙofa, doguwa, kanta yana gogar dogarin ƙofar. Tana rungume da yaro a baƙin zane. Ta tako laka, amma babu sawu a siminti.

"Majo," ta ce a hankali. "Ɗana ya ƙone."

"Baiwar Allah, ɗan jira ni, ɗiyata..."

"Na san ɗiyarka. Ba ta sha ruwa tun hantsi."

Ta buɗe zanen. Kafaɗar yaron ta hagu ta saɓule, kuma ruwa na ɗiga daga jikinsa, yana tururi.

Ban tambaye ta wa ya ƙona shi ba.

Daga gida Ummuhani ta sake kira, muryarta ta dushe. Na yunƙura zan wuce. Matar ba ta motsa ba, ni kuwa na kasa ɗaga ƙafa.

"Nawa tukuna," ta ce. "In ya tashi, taka ta tashi."

Na ajiye allurar. Na jawo tulu, na dinga kwarara ruwan sanyi a kan ƙunar. Jikin yaron ba nauyi, kamar ƙwarya. Na shafa ragowar maganin ƙuna, na yaga rigata ta aiki na ɗaure, don ƙyallen ɗauri ya daɗe da ƙarewa. Ina yi ina kuka, ina roƙon Allah da duk addu'ar da ta zo bakina.

Yaron ya yi shiru. Ya kama nono.

Sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa wa kowace uwa: "Ki maido shi jibi a canza ɗauri."

Ta yi murmushi, ta kauce.

Na iske Salima tana fizga, kumfa a baki. Na yi mata allurar. Kafin asuba gumi ya karyo, ta ce ruwa.

Jibi da almuru matar ta dawo. Sau tara tana zuwa, ina wanke ciwon, ina ɗaurewa, ban gaya wa kowa ba. Ran da ya warke, ta dubi tabon ta ce, "Ya yi kyau. Amma don kar ka manta."

Da na shiga gida, Ummuhani tana yi wa Salima wanka. Ta ɗago kai.

"Majo, mi ya taɓa ƙona yarinyar nan a kafaɗa?"