Littattafan da Gara ta Riga Yara

Wai a wani ƙauye can an yi wata budurwa mai koya wa yara karatu a gindin tsamiya. Ba su da littafi ko ɗaya. A ƙasa suke rubutu da tsinke, awaki su bi su tattake.

Rannan aka aiko wa ƙauyen kyautar littattafai cike da akwati. Mai unguwa ya kulle shi a zaurensa, ya jefa makullin a aljihu.

Budurwa ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, a ara wa yara littattafan nan."

Ya ce, "Hannunsu da datti."

Ta sa yara suka wanke hannu tas, ta kai su ƙofarsa. Ya ce, "Sai manyan baƙi sun zo sun gan su sababbi tukuna."

Damina ta zo ta wuce. Da baƙin suka zo, aka jera yara, mai unguwa ya buɗe akwati yana murmushi. Ashe gara ta cinye komai, ko shafi ɗaya bai tsira ba.

Budurwa ta miƙe ta ce, "Baba, ita garar ta wanke hannu ne?"