Ƙafar Tsakiya

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba kowa ba ce, ban taɓa rubuta komai ba in ban da wasiƙun da matan unguwarmu ke sa ni in rubuta wa 'ya'yansu. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri. Abu ne ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Sunana Lauratu, ɗiyar marigayi Malam Rabo direba, na Yankara. Baba ya rasu ne a gangaren da ake saukowa daga Faskari. Motarsa ta ƙi tsayawa, ta daki dutse, ya faɗo ta ƙofa. Ita kuwa in ban da goshinta da ya loɓa, babu abin da ya same ta. Shanu suka jawo ta har gida, aka ajiye ta a kangon bayanmu, ƙarƙashin tsamiya.

Tun daga nan motar ta fara kuka.

Ba kullum ba. Sai da tsakar rana, sa'ad da inuwa ke shigewa ƙarƙashin mutum, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai a ji odarta, irin ta roba wadda ake matsawa da hannu... baaa... sau ɗaya, a hankali, kamar nishin mai jinya. Mata suka daina bi ta wajen in za su rijiya. Ni kuwa sai in cusa kaina cikin littafi, ina karanta layi ɗaya sau goma.

Shekara biyu ana haka. Da kakar auduga ta 1957, Baba Almu, ƙanen mahaifina, ya zo da wani saurayi daga Sabuwa don ya gyara motar.

"Ba za a taɓa ta ba, Malam Almu!" in ji mahaifiyata, Dada.

"Haba Yaya! Ƙarfe ne fa! Mu bar shi tsatsa ta cinye don tsoron iska?"

"Na ce a bar ta!"

"Audugarmu kan jaki za ta Funtuwa?"

Sun jima suna yi. A ƙarshe Dada ta ce, "To a gyara inji. Amma kujerar mamaci, ba mai zama. Ba mai sa ƙafa inda ya sa tasa."

Saurayin sunansa Barau, direba ne kuma makaniki. Kashegari ya aiko a ce ya tsinci littafin motar a akwatin gaba, da Turanci, ko akwai mai boko a gidan? Na yi shekara huɗu a makarantar 'yan mata a Katsina kafin rasuwar Baba, don haka ni aka tura.

Kullum da hantsi sai in fita da mayafina. Baba Almu na kan tabarma yana jan carbi. Ni ina karantawa, Barau yana nunawa daga bakin ƙofa, ba ya shiga.

"Malama, mi Bature ya ce a nan?"

"Ya ce... kafin ka tashi, ka dubi madubi."

"Ashe Bature ma ya san mugun abu ta baya yake zuwa!"

Na rufe baki da littafi don kada ya ga ina dariya.

Ya nuna mini sitiyari da giya. Ya nuna mini birkin hannu, da weji, wato katakon da ake tokare taya da shi in an tsaya a tudu. Ya nuna mini bokitin yashi da Baba ya ɗaure a baya don kashe wuta, har yanzu da yashin a ciki.

"Babanki mai tsantseni ne," ya ce. "Wanda ke tafiya da weji biyu ba ya wasa da ransa."

"Waɗannan ƙafafu ukun fa?"

"Ta hagu kuloci, ita ke ba giya hanya. Ta dama totur, ita ke sa gudu. Ta tsakiya birki. Kowane jaki ya iya taka ta dama, Laure. Direba a ƙafar tsakiya ake gane shi."

Ranar ce ya fara ce mini Laure. Ban yi barci ba don tunani... to, wannan ba sai na rubuta ba.

Da rana ta kusa tsaka, kowa sai ya tattara. Har Barau. Ya ce shi bai yarda da iska a cikin ƙarfe ba, amma sau biyu yana jin odar daga masaukinsa, tsigar jikinsa ta tashi.

Sati uku aka yi, ya sa Baba Almu ya kai maganata wajen Dada. Ina bayan labule.

"Ba direba ba," in ji ta.

"Yaron kirki ne, Yaya."

"Rabo ma na kirki ne! Duk abin da mace ke yi wa mijinta don shi dawo gida, na yi. Bai dawo ba. Ɗiyata ba za ta zauna tana jiran a kawo mata hular miji cikin ƙwarya ba!"

Na yi kuka har idona ya kumbura. Ina son Barau, amma Dada ba ta da kowa sai ni. Ba zan taka maganarta ba.

Ranar da ya gama inji, ya ce gobe zai koma Sabuwa. Baba Almu ya tafi gaisuwar mutuwa Tafoki, ya ce in kai littafin in dawo maza.

"Shi ke nan, sanyin idona?" in ji Barau. "Haka za mu rabu?"

"Mi kake so in yi? Uwata ce..."

Ya share hannu a tsumma. "Saura abu ɗaya. Ba zan ba kowa mota ban gwada birki ba. An hana ni sa ƙafa, ba a hana ni sa hannu ba."

Ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya danna ƙafar tsakiya da tafinsa. Ta motsa kaɗan, ta cije. Ya ƙara ƙarfi. Ta ƙi.

Ya zura hannu ƙarƙashinta, yana ja, yana ja, har bayan yatsunsa suka kurje. Abin da ya fito da shi laya ce, babba, ta jar fata, ta lanƙwashe a tsakiya inda ƙarfe ya danne ta. Da guntun zare a jikinta, ya tsinke.

Na kai hannu wuyana. Tawa ma haka take: jar fata, ɗinki biyu-biyu da shuɗin zare. Duk Yankara mutum ɗaya ke irin wannan ɗinki.

"An ɗaure ta ne a sama, a jikin ƙarfen," in ji Barau a hankali. "Girgizar hanya ta tsinke zaren. Da motar ta sunkuya a gangare, sai ta zame ta shige ƙasa. Babanki ya taka, Laure. Dubi yadda ya taka..."

Na zube a ƙasa. Baba ba ya son laya, yakan ce addu'a ta ishe shi. Ashe Dada ɓoye masa ta yi.

Sai wani mugun tunani ya zo mini, kuma zan rubuta shi don na yi alkawarin gaskiya.

"Barau, ka gaya mata! In ta san ba iska ba ce, ba ƙaddarar direbobi ba ce, za ta yarda!"

"In gaya mata mi? Cewa hannunta ne?"

"To sai mu rasa juna?"

"Gara in rasa ki. Wallahi ba zan taka zuciyar uwarki in zo gare ki ba."

Ba mu lura rana ta tsaya ba. Sai da na ga inuwar tsamiya ta tattare a gindinta. Ko tsuntsu babu. Can muka ji taku a kan busasshen ganye, sannu... sannu... daga ɗaya ɓangaren motar. Muka ƙame a durƙushe. Ƙofar can ta buɗe da ƙara, motar ta ɗan nutse kamar an zauna.

Wani siririn hannu ya miƙo, ya kama robar oda, daidai inda tafin Baba ya goge ta har ta yi sulɓi. Bai matsa don ta yi ƙara ba. Riƙewa ya yi, kamar yadda ake riƙe hannun mai tafiya.

Baaa...

Na ɗaga kai. Dada ce. Idonta a rufe, hawaye na bin kuncinta.

Da ta buɗe ido ta gan mu, ba ta firgita ba. Ta dubi Barau, ta dubi ƙasan sitiyari. Na ji ya tura mini layar cikin tafina ta baya.

"Yaro," ta ce, "ƙafar tsakiyar nan, mi take yi?"

"Ita ke tsai da mota, Dada."

"Haka Rabo ya ce mini. Ya ce ita ke riƙe da ransa. Shi ya sa na ga nan ya fi bukatar tsari... Shekara biyu ina zuwa, ban iya sunkuyawa in duba ba. In wani abu ya shiga ƙarƙashinta fa?"

Barau ya sunkuyar da kai.

"Na duba, Dada. Bututun man birki ne ya tsage. Ko da ƙafa goma ya taka, ba za ta tsaya ba."

"Ba ka ga komi ba?"

"Na ga laya. Tana can sama inda aka ɗaure ta. Ba ta motsa ba."

Dada ta daɗe tana kallon yatsunsa masu jini. Ta daɗe ƙwarai. Har yau ban san abin da ta gane ba, kuma ba zan tambaya ba.

"Allah shi yafe mana baki ɗaya," ta ce. Ta saki robar, ta sauko, ta rufe ƙofa. Ta yi taku uku ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Wanda ya ɗauki kayan da ba nasa ba, bai yi nishi ba, ya iya riƙe ɗiyata. Ka ce manyanka su zo."

Yau aka sa ranarmu. Yau kuma Dada da bakinta ta ce Barau ya zauna a kujerar Baba. Ina jin su yanzu daga ɗaki: inji ya tashi, mata na guɗa, Baba Almu na ihu, "A cire weji! A cire weji!" Da aka cire, na leƙa na ga Barau ya tafi kaɗan ya taka ƙafar tsakiya, motar ta tsaya cak. Dada na tsakar gida tana raba goro, har da murmushi.

Layar na cikin lalitata. Akwai wata giginya a bakin rafi, ƙasar gindinta da laushi, babu mai tona wajen. Can zan binne ta.

Rana ta tsaya. Na ji odar sau ɗaya, a hankali, ƙarƙashin guɗar, alhali ina hango Barau ya sauko yana gaisawa da mutane hannu biyu. Ba zan je in ga wanda ya taɓa ta ba.

Bari in ajiye alƙalami. Ƙofar baya a buɗe take, kuma duk idanu na kan mota.