Mamacin Da Ya Dawo Neman Gonarsa

Wayyo maraici! Kwana uku ke nan Mainasara, sojan da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa yana ɗingishi, yake yawo a garinsu Rimawa ba mai amsa masa sallama. Mai fura ta hango shi ta watsar da ƙwarya ta ranta a na kare, ladan ma ya katse kiran salla ya shige masallaci ya turo ƙyaure... Duk aikin baffansa Yari ne, wanda ya miƙa marayan aikin soja a madadin ɗansa, bayan shekara biyu ya ce ya mutu, ya yi sadakar arba'in, ya gaje gonar albasar da uban yaron ya bari a fadama.

"Baffa, ni na, Mainasara!" ya ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Taɓa ni ka ji!"

"A'uzubillahi! In taɓa mi? Mun yi maka addu'a, mun raba gumba, liman ya ci, ni ma na ci. Wanda anka ci gumbatai ba shi da gona. Koma inda ka hito!"

Bawan Allah ya ɗaga hannu sama yana shessheƙa. "Ya Rabbi, harsashi bai kashe ni ba, gumba ta kashe ni!"

Ranar kasuwar Goronyo sai ga Di'o, Baturen mulki, ya iso da lambar jarumta, don Mainasara ya goyo sojoji uku masu rauni ya haye kogi da su ana ruwan wuta. Yari, marar kunyar, ya sha babbar riga ya turo ƙirji, wai shi ne magaji. Tafinta ya duba takarda ya ce mai lambar yana da rai, da tabon harsashi a cinya. Mainasara ya ratso taro ya naɗe wando, rabin kasuwa ta watse!

Aka kai magana gaban alƙali, ya sa Yari ya yi alwala, ya miƙo masa Alƙur'ani. "Rantse wanga yaro matacce na."

Yari ya dubi littafin, ya dubi Mainasara, gumi na tsatstsafo masa. "Allah gafarta malam... da alama dai ya ɗan samu sauƙi."

Aka maƙala wa Mainasara lambarsa yana kuka, mata na guɗa. Aka mayar masa da gonarsa da albasar da ta nuna a ciki, aka kuma yanke wa Yari ya cire ta da hannunsa, ya kai masa har gida a ka, buhu-buhu. Haƙuri ke nan, jama'a! Kwana tara tsohon yana jigila, duk sawu sai ya yi sallama, Mainasara kuwa bai taɓa ƙin amsa masa ba.