Ranar da Asha Ta Yi Kukan Mutuwarta

Wayyo Asha! Rana ta take a kasuwar Gadarif, kisrarta, wainar dawa irin ta Sudan, tana bushewa a faifai, ba mai ko tayawa. Baiwar Allah da yaƙi ya koro daga Khartum, miji ya rasu a hanya, ba ta tsira da komai ba sai kaskon tuya da tsohuwar waya... wayar ma Osman, ɗan wan mijinta, ya karɓe wai zai kai gyara, shiru kake ji.

Ashe da sunanta da hotonta yake bin mutane da saƙo: yau Asha na asibiti, gobe an yanke mata ƙafa. Masu tausayi suka tura abin da ya samu, sai ga Asha garau tana tuya. Nan fa aka ƙaurace mata, ko sallamarta ba a amsawa.

"Ba ki ji kunya ba, ya hajja?" in ji Jumai maƙwabciyarta. "Wace ƙafar aka yanke?"

"Wallahil azim ko rubutu ban iya ba!" Hawaye shar-shar... "Ya Rabbi, Kai kaɗai gare ni, Ka wanke ni!"

Da Osman ya ga ciwo ya daina ci, sai ya kashe ta gaba ɗaya, ya aika wa danginta na garin Basunda cewa ta rasu, su turo kuɗin likkafani. Shashasha! Mutanen Basunda ba sa gaisuwar mutuwa ta waya. Mota suka ciko har da rago, suka biya suka ɗauko Osman, suka zaunar da shi a tsakar gidan mamaciya yana karɓar gaisuwa yana gumi.

Da la'asar Asha ta dawo lulluɓe da mayafi, ta tarar gidanta ya kaure da kuka. Mai neman wurin kuka, ta yar da faifai ta faɗa cikin mata, ta fi kowa kururuwa. Sai da ta gaji ta taɓa ta kusa da ita.

"Wa ya rasu ne?"

"Asha mana, 'yar ƙanena..." Goggo Fatin ta ɗago. "A'uzu billahi!"

Kowa ya yi ta kansa, takalma suka rasa masu su. Osman ya haye katanga, Kawu Eltayeb, kawun Asha, ya cafko ƙafarsa, wayar ta faɗo tim a gaban Jumai da ta leƙo jin hayaniya. Tana dubawa sai ga saƙonnin ƙaryar da ya aika da sunan Asha.

"Samihini, Asha, yafe mini, na ci amanar maƙwabtaka!" Jumai ta rungume ta, suka buɗe sabon kuka. Osman kuwa 'yan sanda suka tafi da shi yana ɗingishi da gaske.

Rago dai ya riga ya zo, aka yanka. Asha ta zauna tana cin hanta da kisrarta, tana share hawaye.

"Goggo, da na mutun, rago ɗaya tak za ku yi mini?"